Yadda ake ƙara libar gwiwa a tsohuwar jitar feda mai aiki da waya

Jitar feda ita ce jitar nan mai ƙafa huɗu da ake kaɗawa a kwance. Makaɗi yana zaune a gabanta, hannunsa na hagu yana goga sandar ƙarfe a kan tsirkiyoyi, ƙafarsa kuma tana taka feda don a ɗaga muryar wata tsirkiya ko a sauke ta. A Amurka ta girma, cikin kiɗan kantiri na Nashville da Bakersfield, amma duk wanda ya saurari juju na King Sunny Ade ya san kukanta, domin Demola Adepoju ya daɗe yana kaɗa ta a ƙungiyarsa.

Na zamani da siraran rodi suke aiki, kuma daga kamfani suke zuwa da liba huɗu ko biyar, wato sandunan da ake turawa da gwiwa, su ma don ɗaga muryar tsirkiya ko sauke ta. Na dā kuwa waya ce ke ja. Paul Bigsby ya ƙera wa makaɗi Speedy West irin wannan a 1948, 'yan gidan Harlin na Indianapolis suna da tasu mai suna Multi-Kord, sannan Fender ya fito da samfurin 1000 a 1957 mai wuya biyu, wato jerin tsirkiyoyi biyu, da feda takwas, da samfurin 400 a 1958 mai wuya ɗaya da feda huɗu, duka masu tsirkiya takwas a kowane wuya. A 1964 aka samu 800 da 2000 masu tsirkiya goma. Akasarinsu ba su zo da libar gwiwa ba, alhali kiɗan da aka yi daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa yau ya dogara da ita sosai. Wannan bayani a kan Fender 400 da 1000 ya fi tsayawa, don su ne suka fi yawa a hannun mutane. Idan Bigsby ce Allah ya ba ka, kada ka kusance ta da injin huda. Kaɗan aka ƙera, kuma rami ɗaya zai zubar mata da daraja fiye da abin da liba za ta ƙara mata.

A Fender ma akwai iyaka. Tana karɓar liba ɗaya ko biyu lafiya lau. Makaɗi Sneaky Pete Kleinow ya ƙara wa tasa 400 feda da liba, ya yi shekaru yana aiki da ita. Amma mai son liba biyar gara ya nemi jitar rodi.

Kife ta ka karanci cikinta

Kwance ƙafafun da sandunan feda, ka shimfiɗa bargo a kan tebur, ka kife jitar yadda maɓallan ɗaure tsirkiya ba za su ɗauki nauyinta ba. Ɗauki hoto ta kowace kusurwa kafin ka taɓa komai.

Abin da za ka gani shi ne gangar katako zaune cikin firam na zubin ƙarfe. Kowace feda tana jan wani ɗan hannu da ke jikin firam ta gaba, hannun yana jan waya, a jikin wayar akwai dogon noti mai zare a baki biyu wanda ake juyawa don ɗaure ta ko sassauta ta. Wayar tana ƙarewa a kan ɗan ƙaramin fuli, wato 'yar taya mai kwarmi da waya ke bi ta kanta, wata wayar kuma ta ratsa fulin, bakinta biyu kowanne da zobe. Zobban nan ne ake ratayawa a ƙugiyoyin macanji, wato injin da ke ƙarshen jitar ta hannun damanka, inda gindin tsirkiyoyi yake. Ke nan feda ɗaya tana iya jan tsirkiya biyu. Akwai kuma babban fuli mai hawa-hawa da ke karkata wayoyin su nufi macanjin.

Dubi macanjin da kyau, domin duk aikin a kansa ya rataya. A 400 da 1000 kowace tsirkiya tana da ƙugiyar ɗagawa ɗaya da ƙugiyar saukewa ɗaya, kowacce da sukurunta guda a ƙarshen jitar. Sukurun nan shi ne matokari: yana tsayar da yatsan macanji, wato ɗan ƙarfen da ke motsawa ya ja tsirkiya ko ya sassauta ta, a inda muryar ta kai. Feda uku ma za su iya rataya a ƙugiya ɗaya, amma duk a murya ɗaya za su tsaya, tunda matokarin ɗaya ne. Riƙe wannan a ranka, zai dawo mana.

Kafin ka ƙara sabon abu, gyara tsohon. Jita mai shekara sittin da ɗoriya yawanci tsohon mai ya daskare mata a fuli da yatsu. Wanke su da man laita da ɗan burushi, ka bar su su bushe, sannan ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace mahaɗa. Duba inda aka liƙe waya da dalma cikin bututun zobe, a nan suke fara tsinkewa. Sa sababbin tsirkiyoyi. Taka kowace feda ka saki kana kallon na'urar saita murya. In tsirkiya ba ta komawa daidai yanzu, liba ba za ta gyara wannan ba, sai dai ta ɓoye maka tushen matsalar.

Wace murya libar za ta canza

A saitin tsirkiya takwas da ake kira E9, da yawa suna jera muryoyin haka daga sama, kowane harafi sunan murya ne: G#, E, B, G#, F#, E, D, B. Feda ta farko tana ɗaga B zuwa C#, ta biyu tana ɗaga G# zuwa A, ta uku tana ɗaga E ta sama zuwa F# tare da B zuwa C#. Tsofaffin Fender masu tsawon inci 24 da rabi suna yawan tsinka G# ta sama, domin siririyar tsirkiya ce mai ɗauke da ja na kusan kilo 13 tun kafin a taka feda. Shi ya sa wasu ke sauke saitin gaba ɗaya zuwa D9. In haka taka take, duk harafin da na ambata ka rage masa mataki ɗaya cikakke, E ta zama D.

Liba biyu ne kowa ke fara nema. Ɗaya tana sauke E biyun zuwa D#, ɗayar tana ɗaga su zuwa F, wadda ake danganta shahararta da makaɗi Lloyd Green. Fara da mai saukewa. Tana ba ka haɗin muryoyi na B6 ba tare da ka taka komai ba, in ka haɗa ta da feda ta biyu ta ba ka B7, kuma ƙugiyoyin sauke E a banza suke zaune, babu fedar da ke takara da ita a kansu.

Gwada kafin ka yanka ƙarfe. Ɗauki zobban feda ta huɗu ka rataya su a ƙugiyoyin sauke E biyun, ka saita sukurun har su sauka daidai D#, ka yi kwana biyu kana kiɗa a haka. Wannan zai nuna maka cewa macanjin na iya aikin, sifirin da ke mayar da yatsu bai mutu ba, kuma sukurun sun riga sun zauna a inda za su zauna. Wasu ma a nan suke tsayawa, su ce feda ta ishe su. Matsalarta kawai ita ce ƙafa ɗaya ba ta iya taka ta biyu da ta huɗu lokaci guda, ƙafar dama kuma tana kan fedar ƙarar sauti.

Inda libar za ta zauna

Macanji yana dama, wayoyi kuma hagu suke jan sa. Saboda haka libar da gwiwa ke turawa hagu kai tsaye take ja, ba ta buƙatar komai a tsakani. Wadda ake turawa dama sai an juya mata hanya. A jitocin zamani masu jerin feda da liba irin na makaɗi Buddy Emmons gwiwar hagu ce ke sauke E ta hanyar tafiya dama, amma a Fender na fi son gwiwar dama mai tafiya hagu. Tana kusa da macanji, wayar gajera ce, ba ta miƙewa sosai, kuma tsofaffin jitocin kamfanin Sho-Bud da yawa ma a gwiwar dama suke sauke E.

Haɗa jitar, ka zauna a kujerar da ka saba, da takalmin da ka saba, fedar ƙarar sauti a ƙarƙashin ƙafarka ta dama. Kada ka auna ba tare da ita ba, domin tana ɗaga gwiwa sosai. Sa wani ya manna salatif a bayan firam daidai gefen gwiwarka ta ciki, ya bar rata kamar faɗin yatsa biyu. In libar ta matse ka za ka riƙa taɓa ta ba da niyya ba duk lokacin da ka motsa fedar ƙara, E ta riƙa lanƙwasa kana neman dalili. In ta yi nisa kuma sai ka murɗa ƙugu kafin ka kai gare ta.

Duba kuma ko cinyarka na da sarari. Ƙafafun Fender ana iya tsawaita su, amma da zarar ka ɗaga jitar sandunan feda sun gajarta, sai an ƙara musu tsawo.

Awo

Sake kife ta. Sa alama da biro a jikin wayar feda ta huɗu kusa da ɗan fulin, ka ja hannun fedar har yatsun biyu su tokare, ka auna tafiyar alamar da rula. 'Yan milimita ne kawai. E ta sama ta fi ta ƙasa buƙatar tafiya, kuma fulin yana tafiya rabin jimillar biyun: in ɗaya na son milimita 5, ɗayar 3, fulin zai yi 4.

Gwiwa tana jin daɗin tafiyar santimita 4 zuwa 5 a inda take taɓa liba. Lissafin mai sauƙi ne. A ce daga ƙusar da libar ke juyawa a kanta zuwa inda gwiwa ke taɓawa santimita 13 ne, kana son tafiyar milimita 45, waya kuma na buƙatar milimita 5 har da ɗan sako-sakon da za a bar mata. Gwiwa za ta yi ninki tara na tafiyar waya, don haka ramin da za a maƙala waya zai kasance kashi ɗaya cikin tara na santimita 13, wato wajen milimita 14 ko 15 ƙasa da ƙusar. Kada ka huda rami ɗaya. Huda uku a jere, ɗaya sama da wannan, ɗaya ƙasa. Na kusa da ƙusa yana ba da laushi da doguwar tafiya, na nesa yana ba da tauri da gajeriyar tafiya, kuma gwiwarka ce za ta zaɓa, ba rula ba.

Yanka siffar libar a kwali mai kauri ko falanki, ka riƙe ta a wurin, ka juya ta ka ga ko za ta bugi wata waya, ko maɓallin ƙara da ke leƙowa ta ƙasa, ko soket ɗin ƙafa.

Ƙera gindi da liba

Kada ka ɗaura libar a gangar jitar kai tsaye. Yi mata faranti nata na alminiyom mai kaurin milimita 6, komai ya hau kansa: kunnuwa biyu masu riƙe ƙusar juyawa, da matokari na gaba, da na baya. Farantin kaɗai ne zai taɓa jitar. Ranar da ka so mayar da ita yadda take, sukuru uku ko huɗu ne za su fita.

In akwai tsofaffin ramukan sukuru a kusa, yi amfani da su. Sai dai ka sani zaren Fender na inci ne irin na Amurka. Sukurun milimita zai shiga zagaye biyu ya cije, in ka matsa masa ya cinye zaren. Kai tsohon sukurun wurin mai sayarwa a gwada. In dole sai ka huda, huda katako, ka bar firam. Ramin katako ana toshe shi da ɗan itace da gam, na zubin ƙarfe kuwa ya zauna ke nan. Auna kaurin gangar, ka naɗa salatif a bakin abin huda daidai zurfin da kake so, ka tabbata sukurun ya gaza kaurin katakon da aƙalla milimita 6. Sukurun da ya ɓullo ta saman fenti ba shi da magani.

Libar kashi biyu za a yi ta, don ta iya kwanciya a shiga da jitar akwati. Kashi na farko ɗan guntun ƙarfe ne mai kauri da ke juyawa a kan ƙusa, shi ke ɗauke da ramuka ukun nan. Na biyu shi ne doguwar sandar da gwiwa ke turawa, santimita 13 zuwa 15, ita ma a kan ƙusar take, amma a sake. In aka tura ta hagu sai ta tokari wani ɗan kunne da ke jikin guntun ta tafi da shi. In aka tura ta dama sai ta naɗe ta kwanta a cikin jitar. Sa sukuru mai noti a wannan kunnen, da shi za ka riƙa gyara karkatar sandar ba tare da ka taɓa waya ba. Mai aikin juya ƙarfe zai yi maka wannan cikin ɗan lokaci in ka kai masa kwalin.

Ƙusar juyawa noti ne na milimita 6 ko 8 mai santsin wuya, da washa na roba mai tauri a kowane gefe, da kan noti mai kulle kansa. Ɗaure shi har girgiza ta ɓace amma libar na juyawa da yatsa ɗaya. Goge kaifin sandar da magagari, ka zagaye bakinta, in ba haka ba wando zai gaya maka.

Waya

Hanya mafi sauƙi ita ce ka aro wayar feda ta huɗu dungurungum. Zare ta daga hannun fedar, ka maƙala ta a guntun libar, da notinta da fulinta da zobbanta. In tsawonta bai yi daidai ba kada ka yanka ta, kayan asali ne masu wuyar samu. Ajiye ta ka yi sabuwa.

Sabuwar waya ta zama mai kaurin kashi ɗaya cikin sha shida na inci, wato milimita 1.6, mai sili da yawa. Irin da ake kira 7x19 ta fi laushi, ita ce ta dace da zagaya fuli. Wayar birkin keke kaurinta kusan ɗaya ne kuma za ta yi a inda hanya miƙaƙƙiya ce, amma tana da tauri, ƙaramin fuli yana karya silinta a hankali. Naɗa salatif a inda za ka yanka don kada bakin ya warware.

Wajen zobe, Fender da dalma ya liƙe nasa. Waya mai rufin tutiya tana karɓar dalma, wadda ba ta tsatsa kuwa ba ta karɓar ta gama-gari. Na fi amincewa da ɗan bututun jan ƙarfe da ake zura waya ciki ninki biyu a matse da filayar matsewa. Bayan ka matse, rataya wa wayar nauyin kilo 20 ta kwana. Sabuwar waya tana miƙewa da farko, gara ta gama miƙewarta a jikin ƙofa maimakon a jikin jita. Zoben ya kasance siriri, domin ƙugiyoyin macanji a matse suke, kauri kaɗan zai sa ya ja maƙwabciyarsa.

Jerin daga liba zuwa macanji shi ne: ƙugiya a ramin guntu, notin ɗaurewa, ɗan fuli, sai waya mai baki biyu. Ta tafi a miƙe gwargwadon iko, daidai layin da tsofaffin wayoyin ke shiga macanjin. Wayar da ke jan yatsa a karkace tana sa shi goga jikin na kusa da shi, tsirkiyar da ba ka taɓa ba ta motsa. In layin bai fito ba, ƙara fuli ɗaya a kan farantin ya daidaita shi. Tabbatar kuma ba ta haye kan wata waya tana gurzar ta ba.

Saiti, bi da bi

A nan mutane suka fi yin gaggawa, kuma tsarin yana da muhimmanci.

Sassauta notin waya sarai, ka saita tsirkiyoyi takwas a buɗe. Sannan ka riƙa ɗaure notin kaɗan-kaɗan kana kallon na'ura. Da zarar E ta fara sauka ka wuce gona da iri, koma baya har ta dawo, ka ƙara sassautawa rabin zagaye. Wannan ɗan sako-sakon dole ne. In babu shi yatsa ba ya komawa mazauninsa, kuma sauyin zafi da sanyi kaɗai ya isa ya sauke maka murya.

Daga nan saita matokarin baya, wanda libar ke jingina da shi in ba a taɓa ta ba. Nauyin sandar bai kamata ya rataya a wuyan waya ba. In tana lilo, sa ɗan sifirin mai laushi ya riƙa mayar da guntun jikin matokarin.

Yanzu tura libar da hannu a hankali. Za ka ji tsirkiya ɗaya ta riga ɗayar sauka. Halin fulin ne, mai sauƙin ja ita ke fara tafiya har ta tokare, sannan ɗayar ta bi. Fedojin Fender ma haka suke, kuma wannan ɗan saɓanin yana cikin abin da ke ba ta muryarta. Saita D# ɗin da sukurun macanji. Gama da kunne: kaɗa B da D# da F# tare, za ka ji sun fi zama lafiya in D# ta ɗan gaza abin da na'ura ke nunawa.

Na ƙarshe shi ne matokarin gaba, kuma shi ne ya fi kowanne muhimmanci. Cinya ta fi idon sawu ƙarfi nesa ba kusa ba, makaɗi kuma in kiɗa ya yi daɗi ba ya auna turawa. In babu abin da zai tsayar da libar, duk wannan ƙarfin a kan zobe da ƙugiya da sukurun macanji zai sauka. Tura libar har yatsun biyu su tokare, ka juya sukurun matokarin har ya taɓa guntun, ka mayar da shi baya rubu'in zagaye, ka kulle notinsa. Macanji ya fara tsayawa, farantin ya karɓi sauran nan take. Gwada a zaune. In jitar tana tafiya gefe kafin murya ta sauka, libar ta yi tauri, mayar da waya ramin da ya fi kusa da ƙusa ka sake saitin daga farko.

Liba ta biyu da rigimar F

A nan gizo ke saƙa. E ta sama tana da ƙugiyar ɗagawa ɗaya, feda ta uku kuma ta riga ta mallaki sukurunta a F#. In ka rataya libar F a wannan ƙugiya, ba za ta tsaya a F ba, za ta zarce.

Mafita ta farko ita ce ka haƙura da feda ta uku, ka saita sukurun a F, magana ta ƙare. Mafita ta biyu ita ce ka yi wa wayar libar matokari nata. Ɗauki ɗan ƙarfe mai kusurwa ka kafa shi a kan hanyar reshen da ke zuwa E ta sama. Huda shi ka yi masa zare, ka ɗaura sukuru mai rami a tsakiya, irin wanda ke bakin libar birkin keke ana saita birki da shi. Wayar ta ratsa cikinsa. Tsakanin wannan sukuru da macanji, ɗaure wa wayar ɗan ƙulli na ƙarfe mai sukurun matsewa. In ka tura liba, waya ta tafi hagu, ƙullin ya bugi bakin sukurun, reshen ya tsaya. Juya sukurun shi ne saita F. Fulin zai ci gaba da jan E ta ƙasa har ta tokari nata sukurun a macanji, tunda babu mai takara da ita. In kuma ka taka feda ta uku, tata wayar ce ke jan yatsa zuwa F#, ta libar sai ta saki kawai. Saboda wannan sakin, yi zoben wannan reshe ɗan dogo kuma matsattse, don kada ya zame daga ƙugiya.

Ƙullin yana son zamewa. Sa biyu a jere, ko ka matse bututun jan ƙarfe a bayansa bayan ka gano inda zai zauna.

F ma da kunne ake gama ta. Taka feda ta farko tare da libar, ka kaɗa G# da F da C#. Haɗin C# ne cikakke, wanda in ka matsa sanda gida uku gaba ya ba ka E a wani sabon wuri. Za ka tarar F tana son zama ƙasa da na'ura sosai, fiye da D# ɗin ɗazu.

Wannan liba gwiwar hagu mai tafiya hagu ta fi dacewa da ita, domin in ka karkata ƙafa kan feda ta farko gwiwa can take nufa da kanta. Ita ma kai tsaye take ja, sai dai wayarta doguwa ce, sai ka nema mata hanya tsakanin sauran. In fedojinka a juye suke irin tsarin makaɗi Jimmy Day, ko kana son liba mai tafiya dama saboda wani dalili, sai ka kafa fuli a hagun libar. Waya ta bar guntun ta nufi hagu, ta zagaya fulin, ta dawo dama zuwa macanji. Fulin nan yana ɗaukar ninki biyu na jan wayar, don haka ya samu gindi mai ƙarfi da faɗin aƙalla santimita 3.

Akwai masu barin waya su sa shaf da siririn rodi mai ƙugiya a baki. Rodi ba ya miƙewa, kuma ana iya ba kowace tsirkiya nata ramin, su sauka tare. Aiki ne mai kyau, amma ya fi cin ramuka a gangar jita, kuma dole bakin rodin ya kasance mai zamewa don kada ya tokare yatsa in feda ta ja shi.

In wani abu ya ƙi

Tsirkiyar da ta sauka ta dawo sama da inda take, yawanci a matashin tsirkiya na wajen maɓallai take maƙalewa. Ɗiga mai a inda take hawa, in matashin mai 'yan tayoyi ne ka tabbata suna juyawa. Tsofaffin Fender masu jaki na sandar ƙarfe, inda tsirkiya ke gurzawa a kai, sun fi wannan hali, kuma ɗigon mai a kan jakin yana rage tsinkewa ma. Wadda ta dawo ƙasa kuwa, ko waya ta yi ɗauri, ko sifirin yatsan ya gaji. Tura ƙugiyar da ɗan yatsanka zuwa mazauninta. In murya ta gyaru, sassauta notin waya tukuna, in bai yi ba sai ka koma kan sifirin.

In D# ta yi daidai yau gobe ta gaza kaiwa, matokarin gaba ne ya riga macanji, domin waya ta ƙara miƙewa. Ɗaure notin rubu'in zagaye. Sabuwar waya takan nemi haka a makonnin farko sannan ta zauna.

Kafin ka rufe akwati, naɗe libar, ka sa hannu ka ji ko akwai abin da ya ɗara bakin firam tsawo. Akwatunan Fender ba su da sarari, murfi na iya danne sandar ya lanƙwasa kunnen. Wayar asali da duk sukurun da ka cire, zuba su a 'yar jaka tare da takardar da ka rubuta inda kowanne ya fito, ka ajiye a cikin akwatin.